Gajeren Geron Inna Tsahara

"Ba hura nike so ba, ɗiyata, bar ta nan. Ya hito da gashi?"

"Ya hito, Inna. Fari tas, duka ukun."

Inna Tsahara, maƙwabciyarmu a Badaguishiri, ta yunƙura ta kasa. Kwana tara ke nan ba ta taka garkarta ba. Can, bayan rijiya, take da gero kara uku da bai wuce gwiwata ba, ga zangarniya kamar damtsen ƙato. Sai dai ba ya bununi, ƙurar nan rawaya da ke sa gero ya yi ƙwaya. In ba a ɗebo masa na dogon gero ba, haka zai bushe fanko.

Shekara talatin tana yi masa wannan hidima. Ta ce 'ya'yansa duk dogaye suke fitowa, sai a jikoki gajeren ke dawowa, ɗaya cikin huɗu. Ranar da na ga wannan lissafin a littafin lakwal, makarantarmu ta boko, an kira shi dokar gado, sai na tuna maganarta. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba!

"Kwana biyu gashin zangarniyar nan ke jiran bununi, daga nan ya ƙone," in ji ta. "Ɗauki ƙwarya ki kaɗo na dogon da ke bayan ɗaki. Yi maza, mai karatun banza, kahin rana ta yi zahi."

Na ruga. Na kaɗa dogon, ƙurar ta zubo cikin ƙwarya kamar garin zinariya. A garka na durƙusa ina shafa wa zangarniyoyin da gashin kaza, kamar mai shafa wa amarya lalle.

Tun daga bakin lungu na ji salati. Takalma sun cika ƙofar gidan Inna.

Bayan sadakar uku na iske ɗanta Habibu a garka da kalme a kafaɗa.

"Surayya, wanga tsumburarren gero hidda shi za ni yi. Albasa ke son wurin."

Na duba zangarniyar farko. Ƙwayoyi sun fara kumbura, kore shar, ƙanana kamar haƙoran jinjiri. Na zauna tsakaninsa da geron a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ka shuka albasarka a kwamina na garkarmu, Yaya Habibu. Nan ni za ni yi ban ruwa har ya nuna."