Tebur Ɗaya da Suruki

Shekara goma sha tara Soumaïla yana auren Ruwaida, kuma a duk tsawon shekarun nan mahaifinta, Alhaji Hassoumi, bai taɓa ganin bakin surukinsa yana motsi da abinci ba. Kada a ce lomar tuwo, ko ƙwayar gyaɗa. A inda suka fito namiji ba ya ci a gaban uban matarsa, kuma Soumaïla ya riƙe wannan kunya fiye da yadda ya riƙe gashin kansa, wanda ya fara gudu tun yana ɗan talatin da biyar.

A watan Mayun 2012 aka kawo Alhaji daga Tahoua don a yi masa aikin ido a Paris. Tsohon daraktan lakkal ne, wato shugaban makaranta, dogo, mai faransancin da ko Faransawa sun daina yi. Aiki ya yi kyau. Zaman mako uku da ya yi a gidansu na Aubervilliers bai wahalar da kowa ba, domin Soumaïla aikin dare yake a kasuwar Rungis, wajen kayan marmari: lokacin da gida ke ci yana barci, lokacin da yake ci gida na barci. Da abin ya tsaya nan da ba a samu labari ba.

Amma sai Soumaïla ya ga hoton wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa a bangon tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kwana bakwai a kogi daga Lyon, ya ce a ransa sabon ido yana son abin kallo. Ya je ya kama ɗakuna biyu. Ba ya yin fariya, kowa ya sani. Kawai dai a wannan makon duk hirar da aka ɗauko a unguwar Porte de la Chapelle bayan sallar Juma'a, ko ta ƙwallo ce, sai ta biyo ta Lyon.

Ranar da takardun suka iso Ruwaida ce ta buɗe. Ta karanta, ta dube shi ta saman tabarau, ta sake karantawa da ƙarfi.

"Abincin safe da na rana kowa ya ɗiba lokacin da ya ga dama. Na yamma kuwa zama biyu ne, bakwai saura kwata da ƙarfe tara. Mu an sa mu a na farko. Tebur na huɗu. Mutum uku."

"Uku wa da wa?"

"Ni, da Baba, da wani bawan Allah mai sanƙo da ya biya kuɗin."

Soumaïla ya zauna a hannun kujera. Duk lissafin da ya yi na tafiyar nan, daga tikitin jirgin ƙasa har maganin ɗigawa a ido, bai taɓa kawo tebur a ciki ba.

"Ke fa, za ki iya ci a gabansa?"

"Ni ƴarsa ce. Ya ga ina cin ƙasa ma ina rarrafe. Kai ne dai za ka dawo Paris kamar sandar shara."

Washegari ya tafi ofishin masu sayar da tikitin, bai ko yi barci ba. Matar da ke wurin ta saurare shi da murmushi, ta ce ai gata aka yi musu: an ga akwai dattijo, aka ba su zama na farko, aka haɗa iyali wuri ɗaya. Ya ce shi zama na biyu yake so, shi kaɗai.

Murmushin ya ragu. "Kun samu saɓani ne da shi?"

"A'a, madam. Girmama shi nake yi."

"Shi ya sa ba ka son zama kusa da shi."

"Yawwa."

Sai ta ce zama na biyu ya cika tun watan Maris, sai dai ya gwada sa'arsa a cikin jirgi.

A jirgin ƙasa zuwa Lyon, awa biyu, Ruwaida ta fito da burodi da ƙwai. Soumaïla ya ce ya ƙoshi, ya juya yana nazarin gonakin Faransa kamar mai shirin saye.

Jirgin ruwan kuwa ya cika ido. Fari ne, dogo, yana kwance a bakin kogin Rhône a tsakiyar gari, da ma'aikata cikin fararen kaya suna karɓar jaka. Alhaji ya tsaya a kan gada cikin babbar riga, ya dubi jirgin daga kai har wutsiya, ya ce da ƴarsa, "Maigidanki ya yi ƙoƙari." Ba ya kiran sunan Soumaïla, kuma ba kasafai yake masa magana kai tsaye ba. Soumaïla, da ke bayansu da jakunkuna uku, ya ji nauyinsu ya ragu da rabi.

Kafin ya ajiye kaya ya nemi mai kula da ɗakin cin abinci, wani siririn mutum da ake kira Mushe Perrin, wato Malam Perrin a bakin Faransawa, wanda ke riƙe da taswirar tebura kamar ta yaƙi. Ya gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Mushe Perrin ya duba agogo sau biyu.

"Ba kujera ko ɗaya, mushe. Sai in wani daga zama na biyu ya yarda ku yi musanya. Amma ban taɓa ganin wanda ya yarda ba. Kowa so yake ya yi wanka ya huta kafin ya ci."

Haka aka yi zaman farko su uku. Aka kawo miya, Soumaïla ya dafe ciki ya ce ruwan kogi ya juya masa hanji, alhali jirgin na ɗaure da igiya huɗu bai motsa ba. Aka kawo kifi, wanda suka roƙa tun daga Paris a madadin nama, da man shanu yana ƙyalli a kansa. Soumaïla ya ƙura wa gishiri ido. Alhaji ma ya ɗan taɓa gefen kifin sau biyu ya ajiye cokali, ya ce likita ya hana shi cikawa. Ruwaida kaɗai ta ci, ta ci nata, ta jawo na mijinta.

"Allah ya ƙara muku kunya," ta ce, tana goge baki. "Ni dai tana yi mini amfani."

Da safe jirgi ya kama hanya, ya shiga kogin Saône. Soumaïla ya faki idon surukinsa ya cusa burodi biyu a tsaye bayan injin kofi, sannan ya hau saman jirgi farauta. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana aikin dare ba abin da ya sani kamar fuskar wanda bai samu barci ba. Ya bi layin kujerun shan iska a hankali, hannu a baya, yana duba fuskoki yadda yake duba akwatin tumatir. Ya wuce masu jajayen kumatu, ya wuce masu karatun jarida. Can ƙarshe ya samu abin da yake nema: wani tsoho da ido ya faɗa, yana hamma har ana ganin haƙorin roba.

Ya zauna kusa da shi. Ya yaba kogi, ya yaba yanayi. Tsohon manomi ne daga wajen Dijon, ƴaƴansa suka saya masa tafiyar, shi kaɗai.

"Ƙarfe tara!" in ji tsohon, ba a ma tambaye shi ba. "A gida ƙarfe tara na yi mafarki biyu. Jiya an kawo kayan zaƙi ina gyangyaɗi, kifin ya kwana yana iyo a ƙirjina."

Soumaïla bai yi gaggawa ba. A kasuwa wanda ya nuna yana so shi ke saye da tsada. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ba da labarin wani abokin aikinsa da cin dare ya lalata wa ciki, abokin da a wannan safiyar aka haife shi. Sai da damuwa ta kama tsohon sannan Soumaïla ya ce, kamar abin ya faɗo masa yanzu, shi yana da kujera a zama na farko, kuma don girman furfura zai iya haƙura da ita.

Tsohon ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya. Suka je gaban Mushe Perrin tare, aka soke suna aka rubuta suna, aka sa manomin a wani tebur kusa da ƙofa yadda zai fi saurin kai wa gado. Soumaïla ya fito yana taku ɗaya ɗaya. Abin da ofishin Paris ya kasa, abin da mai taswira ya ce bai taɓa gani ba, ɗan Tahoua ya gama shi kafin azahar. Bai gaya wa Ruwaida ba sai da yamma, yana ɗaura lakataye.

"Ku je ku ci ke da Baba a natse. Ni ƙarfe tara ne nawa."

"Iye! Manya. To, Allah ya sa ka iya riƙe wuƙa."

Ƙarfe tara rana ba ta gama faɗuwa ba, kogi ya yi ja kamar an zuba manja. Mushe Perrin da kansa ya raka shi tebur na goma sha ɗaya, jikin taga, yana wani murmushi da Soumaïla ya ɗauka na girmamawa ne. Kujera biyu ce a teburin. Ya zauna, ya shimfiɗa ƙyalle a cinya, ya gutsuri burodi mai ɗumi, ya yi bismilla. Burodin na tsakanin tebur da baki ya hango farar babbar riga tana tahowa tsakanin tebura.

Ya miƙe tsaye. Burodin ya shige aljihun kwat, bai san lokacin ba.

Alhaji Hassoumi ya tsaya cak. Suka dubi juna, sannan kowa ya dubi ƙasa.

"Ga shi nan!" in ji Mushe Perrin, yana ja wa Alhaji kujera. "Roƙo biyu daga iyali ɗaya a rana ɗaya. Dattijon nan ya rubuto wa kyaftin wasiƙa da safe, irin wasiƙar da kyaftin ya ce tun rasuwar kakansa bai karanta kamarta ba. Kyaftin ya ce ko daga ɗakinsa ne a ɗauko kujera. Da na ga sunayen sai na ce, to, bari in haɗa su."

Daga bakin ƙofa aka ji dariya. Ruwaida ce, ta riƙe ciki, ta jingina da bango. Ita kaɗai ta zauna a tebur na huɗu tun bakwai saura kwata, uban ya ce ta yi gaba zai biyo, miji ya ce tara ne nasa, tana cikin cin miya ta gane abin da kowannensu ya ƙulla, ta kuma ƙudura ba za ta rasa kallon ba.

"Baba, kai ma?" ta ce da ta iso.

"Jiya mutumin nan bai ci komi ba," in ji Alhaji, yana kallon taga. "Na ce in na kauce, ya ci da iyalinsa."

"Shi ma kaucewar ya yi. Kun kauce har kun yi karo."

Mushe Perrin ya dube su ɗaya bayan ɗaya, murmushinsa ya fara neman wurin zama. Ruwaida ta buɗe baki za ta fassara, Alhaji ya ɗaga hannu. Ya gyara tsayuwa yadda yake yi a gaban ɗalibai, ya juya harshe zuwa faransanci, da muryar da ta kai har teburin ƙarshe.

"Mushe, ba laifinka ba ne, alheri ka nufa. A ƙasarmu mijin ƴa ba ya ci a gaban uban matarsa. Yaran yanzu da yawa sun bari, ba na kuma zarginsu. Wannan kuwa ya yi shekara ashirin a ƙasarku, ya ɗauko ni daga Tahoua, ya sa an buɗe mini ido, ya hau da ni jirgin da ban taɓa mafarkinsa ba, kuma jiya ya zauna da yunwa gaban kifin da shi ya biya, don kada in ga yana tauna. Ina da surukai huɗu. Wannan shi za ka ba teburin taga."

Wata mata a tebur na kusa ta fara tafi, ba ta tabbatar ko ya dace ba, ta bari. Soumaïla ya sunkuyar da kai yadda ya kamata, amma ƙirjinsa ya ƙi bin umarni, sai da maɓallin kwat ya yi ƙara.

Mushe Perrin ya buɗe taswirarsa, ya yi ɗan nazari. Daga gobe, in ji shi, Alhaji zai koma zama na farko tare da madam. Na yau kuwa, akwai ƙaramin tebur a saman jirgi, ƙarƙashin rumfa, in dattijon ba zai damu da iska ba.

"Can ya fi," in ji Alhaji. "Kallo na zo yi."

Ruwaida ta kama hannun mahaifinta. Da suka zo wucewa ta raɗa wa mijinta, "Ka fidda burodin nan daga aljihu, ni ke wankin kwat ɗin."

Soumaïla bai zauna ba sai da ya ji takun Alhaji ya ƙare a kan matakala, ya ƙara ƙirga goma don tabbatarwa. Sannan ya ja kujera, ya sake shimfiɗa ƙyalle. Aka kawo miya ya shanye, aka kawo kifi ya bar ƙaya kaɗai, aka kawo wani koren abu da bai san sunansa ba, shi da ya yi shekara ashirin cikin ganye, ya cinye shi ma. Da mai kawo abinci ya zo ɗauke kujerar da ba kowa, ya tambaya ko mushe zai so a haɗa shi da wasu gobe, don kada ya ji kaɗaici.

"A'a," in ji Soumaïla, yana miƙa hannu ga kwandon burodi. "Bar ni nan. Surukina ne ya ba ni wurin."