Sunayen Mutanen Mubi

Theodora ta sake danna alamar manhajarta, kwamfutar ta sake yin kunnen uwar shegu. Shekara tara tana tsara katin biki da kalanda a shagonta na unguwar Madaki a Gombe da manhaja guda, har yatsunta sun haddace ta. Jiya bairos ya cinye mata komai. Malam Titus, malamin kwamfuta da ke unguwar Federal Low-Cost, ya goge injin ya sa mata wani sabon tsari mai suna Linux, sai ga shi tsohuwar manhajar ba ta aiki a kansa.

A kan benci kuwa wani dattijo, Bamanga, yana jira tun hantsi, rungume da littafin makaranta. Da ƙafa ya fito daga Mubi ranar da garin ya faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya. Sunayen 'yan unguwarsu da suka watse ne a ciki, mutum ɗari da sha huɗu. Yana so a buga da hotunan da ya tattara, a manna a tasha da masallatai da coci-coci.

Ta kira Titus a waya. "Malam, ka kashe ni. Da me zan yi aiki?"

"Madam, kwantar da hankalinki. Nemi wata manhaja mai suna Scribus, tana ciki."

"Ta wane kamfani ce?"

"Ba ta kowa ba ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina ta, kyauta."

Ba ta yarda ba, amma ta buɗe. Komai ba a inda ta saba yake ba. Sau uku hoto yana ɓace mata, ta yi tsaki, ta lalubo shi. Can wajen azahar shafin ya fara zama: layi-layi, fuska da suna, fuska da suna. Da ta zo kan sunayen Ɓoyi da Ɗahiru, ta ga haruffan sun fito da lanƙwasarsu, abin da a da sai ta bi da biro. Ta tsaya tana kallo. Wasu da ba su taɓa jin sunan Gombe ba sun zauna sun yi mata wannan, ba su nemi ko sannu ba.

Takardar farko ta fito da ɗuminta. Bamanga ya karɓa da hannu biyu yana bin fuskokin da yatsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Kamar suna tsakar gida."

Theodora ta ga saura gurbi ɗaya a ƙasa. Ta juyo wajen Bamanga.

"Baba, in ƙara suna ɗaya? Ƙanena ne, Ifenna, a Mubi yake. Wata guda ke nan wayarsa a kashe."

Dattijon ya ɗago kai. "Mai kayan babur, kusa da kasuwa?"

Ta gyaɗa kai.

"'Yata, kada ki sa shi, yana raye. Tare muka tsallaka Kamaru. Shi ya goya matata."