Kwanakin da Kowa Ya Warke a Lambeo

Tsibirin Lambeo ya daɗe ba shi da likita. Turowa dai ana turowa, zama ne ba sa yi. Na ƙarshen wani saurayi ne mai tabarau, wanda ko jakarsa bai kwance ba ya tarar da takalma a jere tun daga ƙofar asibiti har bakin masallaci, domin da takalmi muke bin layi a nan: ka ajiye silifas ɗinka da asuba, ka koma inuwa ka jira. Bawan Allah ya yi ta fama da mu ba ci ba hutu. Damina na kamawa ya ce zai je ganin gida, kuma har yau ganin gidan yake yi. Tun daga nan mai ciwo sai ya ƙetara teku zuwa babban gari, a rubuta sunansa, a ce ya dawo wani watan.

Da labari ya zo cewa an turo wata likita mai suna Ratri, babu wanda ya kai Wa Niha mai bandar kifi murna, kuma babu wanda ya kai ta fargaba. Mijinta La Dongi yana da ciwon suga. Ƙugiya ta soke shi a tafin ƙafa tun kafin azumi, wurin ya ƙi rufewa, kuma ta san mutane biyu da suka tafi babban gari da irin wannan ƙafar suka dawo babu ita. Ciwon La Dongi ba na ganin likita sau ɗaya ba ne. Likitar da za ta zauna take so.

A taron mata na ranar Juma'a ta miƙe ta faɗa musu gaskiyarsu. Ta ce mu muke korar likitocin nan da hannunmu. A wane gida ake miƙa wa baƙo aiki tun bai ci abincin gidan ba? Shawararta ita ce a bar yarinyar nan ta huta, ta ci, ta saba da iskar wurin, kowa ya riƙe ciwonsa a ɗaki tukuna. Wa Niha mace ce da in ta ɗaga murya kaji ke barin tsakar gida, saboda haka babu wadda ta yi musu. Matan suka koma suka sanar da mazansu, kuma mazan Lambeo ba su saba jayayya da abin da aka yanke a taron Juma'a ba.

Haka Likita Ratri ta sauka a tsibirin da ya fi ko'ina lafiya a duniya. Ta buɗe asibiti da sassafe, ta jera kayanta, ba ta ga ko takalmi ɗaya ba. Da ta gaji da zama ta fita zagaye. Masu tari suka riƙa haɗiye tarinsu har idanunsu su yi ja. Wani dattijo da ya shekara yana dogara sanda ya hango ta, ya jefa sandar cikin rogo ya miƙe kamar soja. Duk wanda ta tambaya, lafiya lau yake. Abinci kuwa ya yi ta zuwa: kasoami mai zafi na rogo, gasasshen kifi, ayaba, ruwan kwakwa, har kumatunta suka fara fitowa.

Don kada a ce ta ba da umarni ta karya, Wa Niha ta ɓoye mijinta a ƙuryar ɗaki tana wanke masa ƙafa da ruwan gishiri. Ranta ba ya mata daɗi ko kaɗan, don kullum ta kwance tsumman sai ta ga wurin ya ƙara duhu.

"Wai likitar nan magani ta zo yi ko kiwo kuka ɗauko?" in ji La Dongi.

"Kai dai rufe baki, tsoho. Da ka iya kallon inda kake taka ƙafa da ba mu zo nan ba."

Wata safiya Wa Niha ta kai wa likitar kifi, ta tarar da ita tana ninke kaya a jaka. Likitar ta yi mata godiya sosai, ta ce ba ta taɓa ganin mutanen kirki irin na Lambeo ba, amma kunya take ji. Akwai tsibiran da mata ke haihuwa a cikin kwalekwale saboda rashin likita, ita kuwa ga ta nan tana cin abincin mutane a banza. Ta ce da yamma za ta bi jirgi ta je ta roƙi ofis a mayar da ita inda ake bukatarta.

"Likita," in ji Wa Niha, "ajiye jakar nan. Don Allah kada ki motsa daga inda kike."

Rabon da a ga Wa Niha tana gudu tun tana budurwa. Ta iske ladan yana sharar masallaci, ta tasa shi gaba har gaban lasifika. Shi kuwa mutum ne da ba ya ƙara gishiri a magana, sai duk tsibirin ya ji:

"Jama'a, Wa Niha ta ce an fasa. Kowa ya koma ciwonsa."

Nan take Lambeo ta ɓarke da tari. Dattijon nan ya shiga rogo neman sandarsa. Kafin a ce me, takalma sun wuce masallaci sun doshi bakin ruwa, mutane na dariya suna tsokanar juna a kan wanda ya fi iya ƙaryar lafiya. Wa Niha kuwa sai da ta koma gida ta ɗora La Dongi a baro ta turo shi, don haka ita da ta tara jama'ar ita ce ta ƙarshe. Ta ajiye takalminsa a can ƙarshen layi, wari ɗaya tak, don ɗayar ƙafar ta daina shiga takalmi. Maƙwabciyarta Wa Sariba ta dubi takalmin, ta dubi ƙafar, ta ɗauke shi ta kai shi gaban kowa. Ba a taɓa yin haka a Lambeo ba, amma kowa ya bar takalmin a inda ta ajiye shi.

Da likitar ta ji yadda aka yi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta kwance ƙafar La Dongi dariyar ta tsaya. Ta yi wa Wa Niha faɗan da ba a taɓa yi mata ba tun rasuwar uwarta, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta sha, don ta san ta ci. Likitar ta daɗe tana wankewa tana yanke mataccen nama, La Dongi yana kiran sunan Allah da na duk jiragen da ya taɓa tuƙawa. Sannan ta ɗago.

"Ba za a yanke ba, Mama, amma saura ƙiris. Ki kawo min shi kowace safiya har wurin ya rufe, daga nan duk wata. In aka gama girbin kanumfari zan duba ko za mu canza masa maganin suga."

Wa Niha ta turo baron waje. Sai da ta kai gindin mangwaron da mata ke jira maganar ta zauna mata. Itatuwan kanumfarin da ke kan tudu ko fure ba su fara ba, girbi sai baɗi: ashe likitar zama za ta yi. Ta saki baron, La Dongi ya kusa kifewa yana mita, ita kuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

Wa Sariba ta matso a tsorace tana tambayar me likita ta ce.

"Cewa ta yi mu dawo baɗi," in ji Wa Niha.