Fiton Matan Jeju

Wani dare bayan isha'i na ji fito yana fitowa daga ɗakin Malam Datti. Ba irin wanda ake yi wa shanu ba ne, ba kuma na tsuntsu ba. Siriri ne, ya tashi sama sai ya karye, kamar numfashin wanda aka daɗe da shaƙe wa wuya. Ni mutum ne mai son abin da ba a saba gani ba, har duwatsu masu huji nake tarawa, don haka na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Datti tsohon direban ma'aikata ne, ɗakinsa na jikin nawa a gidan hayar Oga Yahuza a unguwar Mpape. Da ya yi ritaya ya sayi kyamara, yana ɗaukar ƙadangaru da ramukan fasa dutse. Bai daɗe da dawowa daga Koriya ba, inda mijin 'yarsa Nabilah ke karatu. Su suka kai shi wani tsibiri wai shi Jeju.

"Shigo ka ga ikon Allah, Malam," in ji shi.

Ya kunna min bidiyo a fuskar kyamarar, na ga teku da baƙaƙen duwatsu. Can sai kai ya ɓullo daga ruwa, sai wani, sai wani. Tsofaffin mata ne sa'o'inmu, cikin baƙaƙen rigunan roba, da madubi a fuska. Duk wadda ta ɓullo sai ta yi wannan fito.

"Nutso suke yi su kwaso abincin teku, ba tukunyar iska ba komai. Numfashin da suka riƙe ne suke saki."

Na kwana ina mafarkin ina tafiya a ƙarƙashin ruwa da takalmina.

Ashe ba ni kaɗai na ji ba. Da safe Rosemary, mai tuyar ƙosai da ke ɗakin ƙarshe, ta tare Oga Yahuza a bakin rijiya.

"Oga, wanene yana fito da dare a gidan nan? Ko a ƙauyenmu ba a yi. Kuma ka ɗanɗana ruwan nan, gishiri ya shiga."

Na ɗanɗana. Yadda na san shi haka yake. Amma na sake ɗanɗanawa.

Datti ya fito da hotunan da ya wanke don ya kwantar musu da hankali. Gara da bai fito da su ba. Rosemary ta kalli matan ta ja da baya, ta ce waɗannan 'yan ruwa ne, tsohuwar mutum ba ta shiga teku. Datti ya yi dariya ya ce har abinci suka ba shi, wani abu mai kama da dodon-koɗi, ɗanye, daga hannunsu.

"Ka ci?" in ji Yahuza.

"Na ci mana. Baƙo ya ƙi abincin masu gida?"

Yahuza ya shiga juya hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga duwatsu, ga lemo a bishiya, ga gumakan dutse masu manyan idanu sun dafe ciki.

"Malam Datti, kowa ya je waje ya dawo, shi muke gani a hoto, gaban jirgi ko gaban bene. Kai ina kake? Ko ɗaya babu kai."

"Ni ne mai ɗauka, Oga. Mai ɗauka ba ya fita."

"To ka ji. Masu haya biyu sun ce za su tashi. Ka nuna min hotonka kana tsaye a tudu, a cikin mutane, ka zauna. In babu, ɗakina nake so."

Da rana na sami Datti zaune a kan katifa. Ya ce ba shi da inda za shi, Nabilah tana can, 'yan'uwa sun ƙare. Na ce ya duba cikin kyamarar da kyau. Ya ce akwai hotonsa guda ɗaya tak, amma ɗaya daga cikin tsofaffin ce ta karɓi kyamarar tana cikin ruwa iya ƙugu ta ɗauke shi, tana yi masa dariya saboda tsoron igiyar ruwa da yake yi.

"Tudu aka ce, kuma a tudu kake," na ce masa.

Bayan la'asar muka taru a tsakar gida. Datti ya miƙa wa Yahuza kyamarar. Ga shi nan kuwa, da hularsa da rigar sanyi, tsaye a kan baƙin dutse, bayansa wasu mutane biyu da mota. Sai dai daga ƙasa aka ɗauko shi, ruwa ya cinye rabin hoton, har da ɗigo a jikin gilashin. Fuskar Yahuza ta fara sakewa. Rosemary ta leƙo ta kafaɗarsa, ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan ruwan. Yahuza ya bi yatsan da ido. Ya mayar wa Datti kyamarar, amma bai janye hannun ba, ya bar tafin a buɗe yana jiran makulli.

"Baba," in ji Rosemary, "kai kana kan dutse. To wanda ya ɗauke ka, a ina yake tsaye?"