Kwanciyar Dutse

Firmin Baudry bai taɓa biyan kuɗi don ya kalli gini ba. Shekara hamsin da ɗaya ya yi yana sassaƙar farin dutse a kwarin kogin Loire, yana cire ruɓaɓɓe daga jikin tsofaffin gidajen sarauta yana sa sabo. Amma da ƙungiyar tsofaffin ƙauyensu ta shirya yawon jirgin ruwa na yini guda, za a ga fada uku a bakin kogi, shi ya fara rubuta suna. Ya ga Vaubrin a takardar, ita ce ta ƙarshe.

Likita ya riga ya gaya masa. Idon dama ya tafi, na hagu ba zai kai baɗi ba. Akwai dutse ɗaya a Vaubrin da yake so ya gani kafin nan. So yake ya gan shi a farfashe.

Jirgin na katako ne, mai shimfiɗaɗɗen ciki, irin wanda ake dakon gishiri da shi a da. Mutum ashirin da biyu suka shiga, galibi mata da miji. Firmin ya wuce can baya ya zauna shi kaɗai, ya ajiye hularsa a kan bencin don kada wani ya zauna. Huguette ta zo ta ɗauke hular ta kifa masa a ka. Ƙawar matarsa Odile ce tun suna 'yan mata, ita ta riƙe hannunta ranar da ta rasu, shekara huɗu ke nan.

"Matsa, Kan-dutse. Benci na gwamnati ne."

"Ga wuri can gaba, Rediyo. Je ki dame su."

"Su sun ji labarina duka. Kai ne ba ka saurare, shi ya sa ba ka gajiya." Ta zauna ta ɗora jakarta a cinya. "Yau me ya fito da kai? Ko jana'iza ba ka zuwa sai an ja ka."

"Iska."

"Iska," in ji ta, ta taɓe baki.

Ruwa ya yi ƙasa a wannan shekara. Tsibiran yashi sun fito fari fat, matuƙin yana ta kewaya su. Firmin ya zuba wa ruwan ido, amma tagar nan yake gani.

Shekara talatin da biyu da suka wuce, shi ne babban magini a gyaran hasumiyar yamma ta Vaubrin. Ɗansa Thibaut, ɗa ɗaya tilo, yana aiki a ƙarƙashinsa. Shekararsa ashirin da uku, hannunsa kuwa ya fi na uban kyau, ko da yake Firmin bai taɓa faɗa ba. Aka ba Thibaut aikin gefen wata taga.

Farin dutsen kwarin nan falle-falle yake, haka ya kwanta a cikin ƙasa tun fil azal. Yadda ya kwanta a ramin da aka haƙo shi, haka za a kwantar da shi a bango. Wanda ya tsayar da shi, ruwa zai bi tsakanin fallayen, sanyi ya daskarar da ruwan, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa tana zubewa. Kowane magini ya san wannan. Thibaut ma ya sani. Amma yana so gefen tagar ya fito dogo guda ɗaya ba haɗi, sai ya tsayar da dutsen. Ya yi kyau kuwa. Ya sara tambarinsa a ƙasa: ƙafar tsuntsu, tambarin gidan Baudry tun kakanni, da ɗigo ɗaya a gefe wanda yake nasa.

A al'adarsu, dutse bai zama aiki ba sai babban magini ya ja gajeren layi a ƙarƙashin tambarin. Ma'aikata tara suna tsaye Firmin ya shafa dutsen, ya mayar da cizal ɗinsa na sassaƙa aljihu.

"Wannan ba hannun Baudry ba ne."

"Mai zanen gini ya gani, ya ce ya yi."

"Mai zanen gini takarda ya sani. Ranar da ka kwantar da shi daidai, zan ja maka layi. Kafin nan kada ka kira ni."

Thibaut ya tattara kayan aikinsa ya sauka. Bai kira ba. Firmin ya hana a ambaci sunansa a kan teburin cin abinci, Odile ta koma zuwa ganinsa a ɓoye, da sunan za ta kasuwar Saumur.

Fada ta farko a kan tudu take, ta zamanin yaƙi: bango mai kaurin kamu shida, tagogi sirara daidai wucewar kibiya. Mai yi musu bayani, Madam Perrine, mace ce mai kimanin shekara hamsin, da ƙaramar lasifika a wuya. Ta nuna musu gadar da ake ɗagawa da sarƙa, ta ce kowane dutse a ƙofar nan ya shekara ɗari shida.

"Ban da na ukun nan daga ƙasa," in ji Firmin. "Shi ya shekara arba'in da biyar. Ranar Talata na sa shi, ana ruwa."

Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Madam Perrine ta ce, "To, Baba, mun gode," ta ci gaba.

Ta biyu kusa da ruwa take, ta lokacin da masu sarauta suka daina tsoron juna. Tagogi manya, rufin baƙin dutse mai tsini yana ƙyalli, bututun hayaƙi kowanne da nasa ado. Tsofaffi suka yi ta ɗaukar juna hoto biyu-biyu. Wani ya miƙa wa Firmin waya ya ɗauke shi da matarsa. Ya ɗauka, ya yanke musu kai, don bai ga allon ba.

A cikin jirgi aka ci abincin rana: burodi mai zafi, dakakken nama, cukun akuya, farar giyar inabi. Firmin ya fito da 'yar wuƙarsa mai naɗewa ya yanka cuku. Ya yanka biyu, kamar yadda ya saba, ya tsaya yana kallon na biyun. Huguette ta miƙa hannu ta ɗauke.

"Vaubrin za ka, ko?" ta ce tana tauna. "Hasumiya."

"Ina ruwanki?"

"Da wannan gwiwar? In ka faɗo, ni ba zan ɗauke ka ba. Sai dai su sa ka a bango su shafe da farar ƙasa. Ka dace ma."

"In za su sa ni, su kwantar da ni daidai."

Ta dube shi, ta buɗe baki za ta faɗi wani abu, ta fasa. Wannan ba halinta ba ne. Bai kula ba.

Ƙarfe uku suka isa. Vaubrin ƙarama ce, ba ta cikin waɗanda ake buga hotonsu a katin 'yan yawon buɗe ido. Hasumiya biyu zagayayyu, tsakar gida, da ramin da ya kewaye ta wanda ruwansa ya ƙafe tuntuni, ciyawa ta cika shi. Madam Perrine ta ce jirgi zai tashi ƙarfe huɗu da rabi. Ta ce matakalar hasumiyar yamma a buɗe take ga mai so, amma hawa tamanin da huɗu ce, ba ta ba kowa shawarar hawa ba. Duka suka bi ta zuwa ɗakin girki, inda ake nuna tukwanen tagulla.

Firmin ya shiga hasumiyar shi kaɗai.

Matakalar murɗaɗɗiya ce, tana juyawa dama, tsakiyar kowane hawa ya lotsa don tsufa. Ya dafa bango da hannun hagu. A hawa na talatin ya huta. A na hamsin da biyar ya zauna, yana jin bugun zuciyarsa a kunne. Hannunsa yana ta gamuwa da tamburan maginan da suka yi aikin tare: kifin Marcel, gatarin Jojo mai waƙa, nasa. Kowanne da layi a ƙasa. Marcel ya mutu, Jojo ya mutu. A cikin taran nan bai san wanda ya rage ba.

Ya shirya abin da zai gani. Shekaru yana ganinsa in ya rufe ido: fuskar dutse a ɓare, garinsa a zube a ƙasa. Zai tsaya ya kalla, ya san ba a banza ya rasa ɗa ba, sannan ya sauka.

Ya kai tagar. Haske ya kashe masa ido, ya jira ya dawo.

Gefen tagar lafiya lau yake.

Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓawa. Bai yarda da idon ba, ya sa hannu. Yatsunsa suka hau daga ƙasa, suka gamu da haɗi. Suka ƙara hawa, wani haɗin. Ba dutse ɗaya ba ne. Uku ne, ɗaya kan ɗaya, kowanne a kwance yadda Allah ya kwantar da shi. Haɗin siriri, ko farce ba ya shiga. An cire dogon nan, an sa waɗannan.

Ya durƙusa da ƙyar ya laluba kusurwar ƙasa. Ƙafar tsuntsu. Ɗigo ɗaya a gefe. Sai shekara, an sara ta ƙanana: 2003. Ƙarƙashin tambarin kuma an goge wuri sumul, faɗin yatsa biyu, ba a sara komai ba.

Ya lissafa da yatsu. Shekara ashirin.

Dutsen ya fashe, yadda Firmin ya ce. Yaron ya dawo ya kwantar da shi, yadda uban ya ce. Ya bar wurin layi ya tafi.

Sai ya tuna Odile. Kowace bazara takan ce, "Firmin, mu je Vaubrin mu sha iska mana." Yakan ce ba abin da ya ajiye a can. Ta faɗa har ta daina iya tafiya.

Ya daɗe a durƙushe. Ta tagar ana ganin kogi da jirgin, ƙarami kamar takalmi. Sannan ya fito da wuƙarsa, ya goge cukun a wando, ya dafa yatsa a ƙarƙashin tambarin don ya yi masa jagora. Dutsen mai taushi ne, wuƙa tana cinsa.

"Baba! Subhanallahi, me kake yi?" Madam Perrine ce a bayansa, tana haki. "An hana rubutu a bango! Tara ce mai yawa!"

"Ba rubutu nake ba. Aiki nake karɓa."

"Wane aiki?"

"Na ɗana." Ya hure ƙurar. "Je ki duba sauran, kowanne da nasa. Wannan ne ya rage."

Ta sunkuya ta duba, ta dubi tambarin da ke dutsen kusa, ta sake duban wannan. Ta gyara lasifikarta.

"Ni dai ban ga komai ba. Kama hannuna, jirgi yana jiranmu."

Su ne na ƙarshe da suka shiga. Huguette tana bencin baya, ta ajiye masa wuri da jakarta. Ta dubi farar ƙurar da ke gwiwar wandonsa.

"Kin sani," in ji shi.

"Duk ƙauye ya sani, Kan-dutse. Har mai burodi."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai gaya maka? Ka hana a kira sunansa. Shi kuma ya sa uwarsa ta yi rantsuwa, wai sai dai ka je ka gani da idonka. Gidanku taurin kai ake gado, ba gona ba." Ta tono waya daga jaka, ta danna lambar Thibaut, ta tura masa a hannu. "Ungo. Yana shiga. In ka kashe, wallahi sai na tura ka a ruwa."

Ta tashi ta koma gaba.

Wayar ta yi ƙara sau biyar. Aka ɗauka. Ana jin bugun guduma daga nesa.

"Inna Huguette? Lafiya?"

Muryar ta babban mutum ce, mai kauri. Bai san ta ba.

"Ni ne."

Bugun gudumar ya ci gaba, sannan ya yi nisa, kamar an fita waje.

"Na ga dutsen," in ji Firmin. "Ya kwanta daidai. Na ja layi."



"Shekara ashirin, Baba."

"Hawa tamanin da huɗu ce."

"Mama ta hau. Sau biyu."

Injin jirgi yana ta kaɗawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Da me ka ja?" Thibaut ya tambaya.

"Wuƙar cuku."

Wani sauti ya fito ta wayar, ko dariya ko tari. "Layin ya miƙe?"

"Bai miƙe ba. Ya karkata dama. Idona ya tafi."

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu."

Wani ya kira Thibaut daga can, ya amsa yana zuwa.

"To," in ji shi. "Zan je in duba."

Bai faɗi rana ba. Firmin bai tambaya ba. Kiran ya katse, wayar tana hannunsa, ya riƙe ta a haka, don bai san inda ake dannawa ba.

A gaba an fara waƙa, Huguette ce ke ja, muryarta ta fi ta kowa. Jirgi ya kewaya wani tsibirin yashi. Firmin ya juya baya ya yi wa idon hagu inuwa da tafin hannu. Hasumiyar yamma tana nan, fari-fari a saman itatuwa. Ya nemi tagar, bai same ta ba. Ya ci gaba da kallon wurin da ya san take, har kwanar kogi ta rufe.