Ajin Yumɓu a Kalgo

Malam Tambari ya sa ƙafa ya shure haruffan yumɓun da aka shanya a bakin aji. Wasu suka farfashe, wasu suka nutse cikin rairayi. Yaran aji ɗaya, 'yan shekara biyar zuwa shida, suka tsaya cak, hannuwansu kaca-kaca da laka.

"Makaranta ce nan ko gidan maginan tukwane?" in ji shi.

Malama Tasalla ta fito daga aji. 'Yar Gwandu ce, bara ta gama horon koyarwa a Sakkwato, hukumar En'e ta turo ta elementaren Kalgo a daminar 1956. Kafin zuwanta hedimasta Tambari ne ke riƙe da ƙananan, da tsumagiyarsa.

"Malam, aikin yara ne ka taka," ta ce. "Da hannu yaro ke fara gane harafi kafin ya riƙe alƙalami. Haka aka koya mana."

"Aka koya muku! Ina koyarwa tun ana goyon ki."

Bai rufe baki ba sai ga Basharu masunci ya shigo harabar, yana jan ɗansa a hannu. Bai yi sallama ba.

"Wace ce mai sa ɗiyan mutane wasan laka?" ya ce. "Da ƙarfi sunka ƙwace min yaron ga, sunka ce malami za shi zama. Kullum sai ya dawo da waƙa da ƙazanta. In laka ce, bakin gulbi ta fi yawa!"

"Baba, tambaye shi ya rubuta maka sunansa," in ji Tasalla.

"Ba da ke nike ba. Ina babba?"

Akwai wanda ya fi Tambari girma a wurin. Malam Abdulgani, mai duba makarantu, ya iso daga Gwandu a kan keke tun da hantsi, yana zaune a inuwa. Shi ne ya lallashi mahaifin Tasalla har ya bar ta ta tafi horo. Ta dube shi tana jira. Ya dubi Basharu, ya dubi mutanen da suka fara taruwa a bakin shinge, sannan ya gyara hularsa.

"Tsarin yana da kyau," ya ce a hankali, "sai dai gari bai shirya ba. In iyaye suka janye yara, ni za a tuhuma. Malama, ki koma koya wa 'yan mata ɗinki. Hedimasta ya karɓi ajinsa."

"Kai ka ce mini ƙananan nan su ne tushe, Malam."

"Na faɗa. Yanzu kuma ga abin da na faɗa."

Ya hau kekensa tun kafin azahar.

Sauran yinin Tasalla ta yi shi a ɗakin da ke maƙwabtaka, da allura a hannu. Ta bango take jin muryar Tambari yana daka tsawa, yara na maimaita haruffa da muryar tsoro, sai ƙarar tsumagiya, sai kuka, sai shiru. Sau da yawa ta soke yatsanta. Da aka tashi, ta ga wata yarinya ta fito da zane jiƙe, tana rakuɓe jikin bango don kada a gani.

Bayan la'asar tana gidan gwaggonta Hajjo, inda take zaune, aka ce ana sallama da ita. Ta leƙo zaure. Tambari ne, riƙe da wata 'yar ƙanƙanuwar yarinya mai ɓoye fuska a cikin rigarsa.

"Ɗiyata ce, Jummai," ya ce, idonsa a kan bango. "Baɗi za ta shiga makaranta. Na gwada mata a gida, da ta ga allo sai ta hau makyarkyata. Uwarta ta hana ni sakat. Ki riƙa yi mata irin naki, a cikin gida. Kada kowa shi ji."

Tasalla ta dube shi.

"'Ya'yan mutane fa?"

"Wannan magana ta ƙare. Muddin ina Kalgo ba ki ƙara taka ajin nan."

Ta shiga ciki. Ya ɗauka ta ƙi, har ya juya, sai ga ta da tabarma. Ta wuce shi, ta fita waje, ta shimfiɗa ta ƙarƙashin tsamiyar bakin hanya, daidai inda 'yan kasuwa ke wucewa zuwa gida. Ta zauna ta share ƙasa da tafin hannu.

"Nan za mu yi," ta ce. "Ba na koyarwa a ɓoye. Zo, Jummai."

Masu wucewa suka fara rage tafiya, wani ya ɗaga hannu ya gaishe da hedimasta. Yarinyar ta ja hannunta sau ɗaya, ta sake ja. Tambari ya sake ta.