Katakon Baba

Tun da Baba ya sayar da gangar jikin motarsa ta ɗaukar kaya, injin yake zaune a bayan gidansu cikin tamfol, kaji suna ƙwai a gindinsa. Masu sayen ƙarafa sun yi zarya har sun gaji. Baba yakan ce jiki ya sayar, bai sayar da rai ba, a yi dariya a wuce, don an san tsofaffin direbobi da irin wannan zance.

Dogo, autansa, makanike ne, garejinsa a tsakar gida yake, daidai tagar ɗakin Baba. Sai dai motocin fetur ya iya, abin da Baba bai taɓa yafe masa ba. "Ɗan fulogi" yake kiransa, ko a gaban masu kawo gyara, don injin fetur ne ke aiki da fulogi, na dizal ba ruwansa da shi. Yanzu kuwa tsohon ba ya ƙarasa sunan sai tari ya sarƙe shi. Hayaƙin da ya sha a titi tun yana saurayi ya cinye masa ƙirji, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Likita ya ce a mayar da shi gida a riƙa ba shi abin da yake so. Dogo da yayarsa, wadda ta baro gidanta ta dawo jinya, duk sun gane abin da ake nufi.

Abu ɗaya Baba yake so: ya sake ganin gonarsa ta bayan dutse, inda ya dasa mangwaro da hannunsa. Hanyar ba ta biyuwa sai da tsohuwar jif ɗin gidan mai giyar taimako ta hawan duwatsu, ita kuma injinta ya buga tun bara.

"Ka sa mata nawa," in ji Baba.

"Baba, wannan ta fetur ce, naka na dizal ne. Ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba."

"Ni da uwarku ma ba jirgi ɗaya ya kwaso mu ba. Ga ka nan har da gemu."

Dogo ya yi dariya, amma ya kama aikin, don ba shi da wani abin da zai iya yi wa mahaifinsa. Ya yanke ƙafafun da tsohon inji ke zama a kai ya yi waldar sababbi. Ya sa aka fafe farantin ƙarfe don giyabos ya haɗu da baƙon inji. Ya sauke tanki ya wanke shi tas don kada ɗigon fetur ya rage, ya canja bututun mai, ya samo babban batir da lagireto mai faɗi na sanyaya inji. Baba yana kwance yana jin komai ta taga. Daga ƙarar sifana kawai yake gane an ɗaure noti ko wasa ake yi.

A jikin famfon mai akwai wata tsatsattsiyar waya mai ƙulli a kai, ta kanannaɗe tana tare masa hanya. Dogo ya dube ta, bai ga amfaninta ba, ya datse ya jefa cikin tarkace. Hannun da ya saba da fetur ya san abu ɗaya: makulli ke tayarwa, makulli ke kashewa.

Ranar da za a tayar da injin, da hantsi, Baba ya kira shi bakin taga.

"Ina katakonka?"

"Wane katako kuma?"

"Ba a tayar da dizal ɗin da ya daɗe yana barci sai da katako a hannu. Mai faɗi, wanda zai rufe bakin da yake shaƙar iska." Ya tsaya ya yi tari mai tsawo. "Naku na fetur wuta ake yanke masa. Wannan ba ruwansa da wutarka. Ko ka hana shi abinci, ko ka hana shi numfashi."

Don a zauna lafiya Dogo ya ɗauko wani guntun katako ya jingina shi a bango, ya manta da shi nan take. Ya murza makulli. Injin ya yi gurnani, ya yi tari, ya watso baƙin hayaƙi da ya kori kajin gidan, sannan ya daidaita yana bugawa a hankali, dum, dum, dum, har ƙasa tana amsawa.

Bai daɗe ba sai ga Yaya ta fito, cokali a hannu, fuskarta wani iri.

"Tarin ya tsaya," ta ce. "Ya tashi zaune da kansa. Wai abinci yake so."

Dogo ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ce bari ya kashe motar ya zo ya gani. Ya mayar da makulli. Injin bai ko gezau ba. Ya zare makullin gaba ɗaya ya riƙe a tafin hannu, injin yana ta aikinsa. A nan ya tuna wayar da ya datse, ya gane ita ce ta kashewa, kunya ta kama shi. Ba wani abu ba ne, sai ya leƙa cikin bonet ya laluba ɗan hannun da wayar take ja, ya danna shi da yatsa. Bugun injin ya fara ja da baya.

Daga taga sai ya ji zarton nan ya dawo, ya fi na kullum muni, kamar an shaƙe mutum. Kwano ya faɗi a ɗaki. Dogo ya saki ɗan hannun. Injin ya farfaɗo, ɗakin ya yi shiru.

Ya tsaya gumi yana bin bayansa. Ya ce a ransa dacewa ce kawai, mutum mai hankali ba ya haɗa ƙarfe da ƙirjin ubansa. Ya sake dannawa, a hankali wannan karon, idonsa a kan taga. Ya ga kan Baba yana sunkuyawa daidai yadda ƙarar take sauka. Yaya ta leƙo, ta dubi Baba, ta dubi yatsan Dogo.

"Cire hannunka," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Kada ka sake taɓa shi."

Dogo ya shiga ɗaki ya tarar da Baba yana cin abinci kamar lafiyayye. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ba irin na mutane ba, gajere gajere, daidai da bugun da ke shigowa ta taga. Da ya riƙe hannunsa sai ya ji shi da ɗumi yana ɗan rawa, yadda sitiyari ke yi in mota tana tsaye a kunne. Tsoro ya kama Dogo, murna ma ta kama shi, ya rasa wanne zai bi.

"Ka ji shi ko?" in ji Baba yana murmushi. "Ka taɓa jin fulogi ya yi irin wannan murya? A shirya, yau za mu gona."

Kafin su tashi Dogo ya cika tanki har baki, ya ɗaure jarkoki a baya. Abin da ke ransa shi ne kada injin nan ya tsaya, ko yau ko gobe ko jibi, in ya so ya sayar da garejin ya sayi mai. Da wannan tsoron ya ɗauko galan ɗin baƙin man inji ya buɗe murfinsa, inji na tafiya, ya tuttula. Ya san akwai iyakar da ba a wucewa. Ya wuce ta, yana cewa ai gara ya yi yawa da ya gaza.

Baba ya taka da ƙafarsa har mota, mutumin da aka daɗe ana ɗagawa. Ya zauna a gaba, Yaya ta rufa masa bargo a cinya ta shiga baya. Suka bar kwalta, suka shiga hanyar duwatsu, Dogo ya sa giyar taimako, jif ta kama hawa tana jijjiga. Baba bai rufe baki ba. Ya nuna inda ya taɓa kafewa da damina, ya ba da labarin ranar da mahaifiyarsu ta tura mota da goyo a baya tana yi masa faɗa. Yaya tana dariya tana share hawaye. Dogo kuwa kunnensa yana kan inji.

Da la'asar suka hau gangaren ƙarshe, mai tsayin gaske, hancin mota yana kallon sama. A samansa gonar take. Mangwarorin sun yi girma sun haɗe rassa. Dogo ya tsaya a inuwa, ya bar inji a kunne.

"Sun girma ba su jira ni ba," in ji Baba. Ya daɗe yana kallo.

Sai ƙarar ta canja. Ƙafar Dogo ba ta kan totur, amma injin ya fara hawa da kansa. Farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe bayan mota. Dogo ya diro ya ɗaga bonet, ya danna ɗan hannun nan kaɗan don ya sassauta gudun. Bai sassauta ba. Ya danna har ƙarshe, abin da ya rantse ba zai yi ba, injin ya ƙara ihu. A nan ya gane. Man da ya tuttula ne hawan gangare ya kwarara zuwa bakin iska, tsohon injin ya samu abin sha a cikin jikinsa, ba ya bukatar tanki. Zai yi ta gudu har ya tarwatse.

Ya koma da gudu ya sa babbar giya ya taka birki don ya shaƙe shi. Kuloci ya ƙone, wari ya tashi, injin bai san ana yi ba. Ya waiwaya ya dubi Baba. Ƙirjin tsohon yana bugawa da saurin da jikin mutum ba zai ɗauka ba, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, idanunsa sun firfito. Azaba yake sha, kowa zai gani. Yaya ta rungume kafaɗunsa ta baya tana kiran sunan Allah.

Baba ya sa hannu ƙarƙashin bargo. Ya zaro katakon nan da Dogo ya jingina a bango, ya miƙa masa. Tun daga gida yake ɗauke da shi a cinya.

"Baba, a'a."

Babu numfashin magana a bakin tsohon. Leɓɓansa kawai suka motsa, Dogo ya karanta abin da suka ce, don ya ji shi tun yana yaro: ɗan fulogi. Sannan Baba ya tura katakon a ƙirjinsa.

Dogo ya karɓa. Ya zagaya gaban mota cikin hayaƙi, ya fizge robar da ke kan bakin iska. Bonet ɗin da ke ɗage ya tsare masa gilashi, ba ya ganin kowa, ya gode wa Allah da hakan. Ya kai katakon kusa, injin ya fizge shi da kansa ya manne. Dogo ya danna da hannu biyu yana kuka. Ƙarar ta shaƙe, ta yi ƙasa, ƙarfen ya yi ta girgiza a ƙarƙashin tafinsa yana neman iska. Injin ya buga, ya daɗe, ya sake bugawa. Daga nan bai ƙara ba.

Hayaƙin ya bi ta cikin rassan mangwaro ya watse. Ana jin tsuntsaye, da ɗan ƙas ƙas na ƙarfe mai hucewa. Ƙofar mota ta buɗe, takun Yaya ya zagayo ya tsaya a bayansa.

"Ya isa, Dogo," ta ce. "Saki."

Bai saki ba. Gefen katakon da ke tafinsa har yanzu da ɗumin cinyar Baba.